Yara, Samari da Ɗaga Ƙarfe: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Tsoka Ke Ginuwa

Da wuya yanzu ka shiga unguwa a Kano ko Zariya ko Damagaram ba ka tarar da lungun da samari suka ajiye benci da sandar ƙarfe mai curin siminti a kowane gefe ba. Iyaye suna kallon abin da fargaba, su kuwa samari gaggawa ce ke cin su, kowa so yake ƙwanji ya fito kafin Sallah. Ga tambayoyin da aka fi yi daga ɓangarorin biyu.

Da gaske ne ɗaga ƙarfe yana hana yaro tsawo?

A'a. Wannan magana ta daɗe tana yawo a duniya, ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, amma binciken da aka yi a kan yaran da ke atisaye ƙarƙashin kulawa bai nuna cewa tsawonsu ya ragu ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta duba batun a 2008, ta sake dubawa a 2020, kuma matsayarta ita ce atisayen ƙarfi yana da amfani ga yara muddin akwai mai lura da su kuma nauyin daidai ƙarfinsu ne.

Sai dai fargabar tana da tushe, kuma ya kamata a fahimce shi. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi na yaro akwai wani faifan guringuntsi. Daga nan ne ƙashi yake ƙara tsawo. Idan girma ya kammala, faifan sai ya daskare ya zama ƙashi, tsawo ya tsaya ke nan. Wannan yakan faru ne tsakanin shekara 13 zuwa 15 ga yawancin 'yan mata, 15 zuwa 17 ga maza, wasu kuma su ɗan gota haka. Masu bin ƙwallo sun san faifan nan ko ba su san sunansa ba: shi ake dubawa da na'urar MRI a wuyan hannun 'yan wasa don gano masu rage shekaru, gwajin da FIFA ta fara amfani da shi a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Najeriya a 2009.

Faifan ya fi sauran ƙashi taushi, don haka yana iya tsagewa, kuma idan ya tsage aka yi masa sakaci, ƙashin na iya girma a karkace ko ya gajarce. Amma me ke tsaga shi? Faɗowa daga bishiyar mangwaro, haɗarin babur, mummunar ƙeta a filin ƙwallo, ko kuma yaro ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa don a yi masa tafi, ƙarfen ya suɓuce. Haɗari ne ke yin ɓarnar, ba atisayen da aka tsara ba.

Idan ana neman abin da ke hana yaranmu tsawo, ba a wajen benci za a same shi ba. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. Waɗannan yaran ko gwangwani ba su taɓa ɗagawa ba. Ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo a shekarun farko ne suka yi musu haka.

Daga shekara nawa yaro zai iya farawa?

Da zarar ya kai matsayin da zai saurari umarni ya bi, kuma yana iya tsayuwa da ƙafa ɗaya ba tangaɗi. Yawanci wajen shekara 7 ko 8 ke nan. Amma farawa ba ya nufin a miƙa masa sandar siminti. Nauyin jikinsa ya ishe shi: tsugunna-tashi, tsallen kwaɗo, rataya a jikin reshe ko sanda yana jan jikinsa sama, kwanciya rubda-ciki yana tura ƙasa da hannuwa, tsallen igiya, turin baro irin na wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 5 zuwa 17 yaro yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a kullum, kuma kwana 3 a mako motsin ya haɗa da wanda ke ƙarfafa tsoka da ƙashi.

Ɗana ɗan shekara 10 ya yi watanni yana atisaye. Ƙarfi ya ƙaru, amma jikinsa na nan siriri. Ko wani abu ne ke damunsa?

Lafiyarsa ƙalau, Hajiya, haka jikin yaro yake aiki. Ƙarfi iri biyu ne ke haɗuwa a jikin mutum: girman tsokar kanta, da kuma gwanintar ƙwaƙwalwa wajen sarrafa ta. Kowace tsoka tarin zarurruka ce, kuma jijiyoyin da ke fitowa daga laka su ne ke ba su umarnin tsukewa. Wanda bai saba da motsi ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta iya tashin zarurrukan gaba ɗaya a lokaci guda, wasu su motsa, wasu su yi jinkiri, tsokar da ke ɗaya gefen kuma ta riƙa ja da baya. Kamar gayya ce da aka tara majiya ƙarfi amma babu mai kiɗa, kowa na sara lokacin da ya ga dama. Atisaye shi ke koya musu sara tare.

Shi ya sa yaron da bai balaga ba zai iya ƙara ƙarfi da kashi 30 zuwa 50 cikin 100 a mako 8 zuwa 12, alhali idan aka auna damtsensa da zare kusan yana nan yadda yake. Kumburar tsoka tana jiran sinadarin balaga. Wanda ya ce zai fito wa ɗan shekara 10 da ƙirji da ƙwanji, ko dai bai san aikin ba, ko kuma akwai abin da yake son sayarwa.

Kada kuma a raina wannan ƙarfin da ba a gani. Yaron da ya koyi tsugunno da tsalle da sauka daidai tun yana ƙarami, idan balaga ta zo, jikin da ya riga ya iya motsi ta tarar.

To me ke sauyawa idan an balaga?

Sinadarin namiji da ake kira testosteron yana ninkawa fiye da sau 20 a jinin yaro tsakanin ƙuruciya da cikar balaga, shi ne mai buɗe murya da fito da gemu da faɗaɗa kafaɗa. Shi ne kuma ke ba tsoka damar tara furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ta yi kauri. Yawan zarurrukan tsoka kusan tun haihuwa yake a ƙayyade, abin da ke ƙaruwa shi ne kaurin kowane zare. Idan aka ɗora wa tsoka aikin da ya ɗan zarce abin da ta saba, jiki yakan amsa da ƙara mata gini a cikin kwana ɗaya zuwa biyu da ke biye. Wato ba a kan benci tsoka ke girma ba, a wajen cin abinci da barci take girma.

Akwai wani abu da ke rikita masu horar da yara. Tsawo yana rigan tsoka. Yaro namiji yakan yi tsirin tsawonsa mafi sauri wajen shekara 13 zuwa 14, mace wajen 11 zuwa 12, cikar tsoka kuma sai bayan watanni ta biyo. A tsakanin nan sai ka ga ɗan wasan da ya iya murza leda bara, bana ya koma zangarai, ƙafa na harɗewa, ƙwallo na guje masa. Ba lalacewa ya yi ba, ƙashi ne ya yi gaba, tsoka da jijiya suna ƙoƙarin cim masa. A wannan lokacin a rage masa nauyi da yawan tsalle, a ƙara masa miƙe gaɓoɓi.

Kuma ba rana ɗaya ake balaga ba. Yara biyu 'yan shekara 14, ɗaya ya fara aske gemu, ɗaya muryarsa ko rawa ba ta fara ba. Kocin da ya ɗauki na farko ya sallami na biyu, sau da yawa kalandar jiki ya zaɓa, ba baiwa ba.

Ƙwallo da kokawa da langa ba su isa ba, sai an haɗa da ƙarfe?

Kowane wasa yana gina inda yake amfani da shi. Ƙwallo tana gina cinya da sharaɓa da numfashi, ta bar kafaɗa da baya. Kokawa ita ce ta fi zagaye jiki, domin abokin karawa nauyi ne mai rai, yana turawa yana ja, sai ƙugu da baya da wuya da riƙon hannu duk sun yi aiki. Dubi ƙirar 'yan kokawar da ke neman takobi a Nijar, gasar da aka fara a Tawa a 1975, yawancinsu a filin gari da gona suka fara gina jikin nan. Langa kuwa an raina ta ne kawai: tsalle da ƙafa ɗaya tare da ture abokin hamayya atisaye ne na gwiwa da idon sawu da masu horarwa na zamani ke sa 'yan wasansu su yi da gangan. Dambe daban ne. Atisayensa yana gina jiki, amma naushi a ka ba abin da ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa ke buƙata ba ne, kuma ni ban ga dalilin sa ɗan shekara 12 a fage ba.

Amfanin ƙara atisayen ƙarfi a kan wasa shi ne kariya daga rauni. FIFA tana da wani tsarin ɗumama jiki na minti 20 mai suna 11+, wanda ya ƙunshi gudu da tsalle da ƙarfafa ciki da bayan cinya, ba ya buƙatar wasu kayan aiki masu yawa. An gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a ƙungiyoyin da suka bi shi. Duk kocin unguwa zai iya koyonsa a yini ɗaya.

Yaron da ke noma ko dako ko ga-ruwa ai ya riga ya yi atisaye?

Ya samu ƙarfi da juriya, babu musu. Bambancin shi ne aiki ba ya tambayar jiki ko ya gaji. Motsi ɗaya ne ake maimaitawa daga safe zuwa yamma, sau da yawa a sunkuye ko a gefe ɗaya, ba ranar hutu, abincin kuma bai kai abin da aka ƙona ba. Irin wannan yaron hutu da ƙarin abinci ya fi buƙata, da kuma a koya masa ɗaukar kaya da ƙarfin cinya maimakon lanƙwasa baya.

Yaya za a tsara wa matashin da zai fara?

Kwana 2 ko 3 a mako, da ranar hutu a tsakani. A fara da ɗumama jiki na minti 5 zuwa 10. A zaɓi motsi shida zuwa takwas da za su taɓa ƙafa da baya da ƙirji da kafaɗa da ciki, ba ƙwanji kaɗai ba, domin samarinmu sun fi son tsokar da madubi ke nunawa, sai ka ga ƙirji kamar na ɗan dambe a kan ƙafafu kamar sillen kara. Kowane motsi a maimaita shi sau 8 zuwa 15, a huta, a sake zagaye ɗaya ko biyu. Idan ba zai iya kaiwa 8 ba sai ya murguɗa baya ko ya riƙe numfashi, nauyin ya yi yawa. Idan yana wuce 15 yana hira, a ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100, kada a wuce haka.

Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi. Ko labarin ƙari ne, dabarar ƙara nauyi kaɗan-kaɗan ita ce dai har yau.

Maganar kayan aiki kuma: ƙarfen da aka haɗa a gida da gwangwani da siminti, ko da tsofaffin ƙarafan mota, matsalarsa biyu ce. Ba a san nauyinsa ba, kuma gefe ɗaya kan fi ɗaya. A kai shi sikelin masu hatsi a auna, a rubuta a jiki. Kuma kada wanda ya kwanta a benci da sanda a saman ƙirjinsa ba tare da wani na tsaye a kansa ba. Raunuka mafi muni a wannan harka daga nan suke fitowa, sanda ta faɗo a wuya ko ƙirji babu mai ɗagawa. Gasar “wa zai ɗaga mafi nauyi” kuwa a bar ta sai ƙashi ya gama ƙosawa.

Dole sai da garin furotin na kanti?

Ba dole ba ne, kuma ga mafi yawan matasa asarar kuɗi ce. Matashi mai atisaye yana buƙatar kimanin giram 1.2 zuwa 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 55 yana neman giram 66 zuwa 88. Ƙwai ɗaya yana da giram 6. Giram 100 na busasshen wake yana da kusan 23, na gyaɗa kusan 25, na waken suya ya haura 35. Ƙosai ko alale da safe, wake da shinkafa da rana, awara ko ƙuli-ƙuli da la'asar, fura da nono, kifi ko nama ko fara idan an samu, lissafi ya tashi. A raba shi cikin yini ya fi a tara shi a zama ɗaya. Tuwo da gero da dankali ma ba abin gudu ba ne, idan babu su jiki zai ƙona furotin ɗin a matsayin makamashi maimakon ya yi gini da shi.

Abin da aka fi tauyewa shi ne barci. Mai shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10, kuma a cikin barci mai nauyi ne jiki ya fi sakin sinadarin girma. Saurayin da ya dawo daga gidan kallon ƙwallo ƙarfe 11, ya riƙe waya har 1, ya tashi da asuba, babu garin da zai cike masa wannan giɓin.

Ƙwayoyi da alluran gina jiki fa?

A nan ne haɗarin gaske yake, kuma abin takaici shi iyaye suka fi rashin lura da shi. Iri uku ne ke yawo.

Na farko su ne alluran da ƙwayoyin da ke kwaikwayon testosteron. Suna kumbura tsoka, ba ƙarya. Amma a jikin matashi suna sa faifan girman nan ya daskare tun lokacinsa bai yi ba, tsawon da ya rage ya tafi ke nan har abada. Wato abin da ake zargin ƙarfe da shi, allura ce ke yin sa. Bayan haka jiki yana daina yin nasa sinadarin, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito wa namiji, ga ƙuraje, ga hawan jini, ga illa ga hanta da zuciya.

Na biyu su ne magungunan ƙiba irin su sha-ka-fashe, waɗanda galibi deksametazon ne ko maganin buɗe ciki. Deksametazon ba ya gina tsoka, cinye ta yake yi. Fuska da ciki su kumbura, hannu da ƙafa su rame, ƙashi ya yi rauni, suga ya hau. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya yanke rana ɗaya, sai likita ya rage masa a hankali.

Na uku tiramadol, da ake sha don kada a ji gajiya. Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan, ɓoye ciwo kawai yake yi, mutum ya ci gaba da aiki a kan rauni, ga kamu, ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun daga Janairun 2024.

'Yan mata fa? Ba za su koma kamar maza ba?

Ba za su koma ba, testosteron ɗin da ke jinin mace bai kai kashi ɗaya cikin goma na namiji ba. Abin da za su samu shi ne ƙarfi da ƙashi mai ƙwari. Kusan kashi 90 cikin 100 na ƙwarin ƙashin mutum kafin shekara 20 ake tara shi, kuma mata ne suka fi fama da raunin ƙashi idan girma ya zo. Tsallen igiya da 'yar gala-gala da tsugunna-tashi a tsakar gida sun wadatar a fara.

Yaya zan bambance tsamin jiki da ciwon da ke buƙatar asibiti?

Tsamin jiki yana zuwa washegari, ya fi tsanani a kwana na biyu, ya wuce a cikin kwana 3 zuwa 5. A cikin naman tsoka yake, kuma motsi kaɗan yana sassauta shi. Ciwon da ke kan gaɓa ko kan ƙashi, mai kumburi, mai sa ɗingishi, ko wanda ya zo farat ɗaya ana tsakiyar ɗagawa, wannan a tsaya. Yara masu tsirin tsawo sukan yi ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige, inda jijiya ke jan ƙashin da bai ƙosa ba. Yawanci rage gudu da tsalle na wasu makonni yana magance shi. Idan ana zargin karaya kusa da gaɓar yaro, a ɗauki hoto kafin a kai wa mai ɗori, saboda faifan nan.

Alama ɗaya ba a jira da ita: fitsari ya koma kalar baƙin shayi bayan atisaye mai tsanani, tare da kumburi da ciwon tsoka. Tsoka ce ta farfashe, kuma abin da ta zubar yana iya toshe ƙoda. Zafin Afrilu da ƙishirwa suna ƙara haɗarin, haka ma jinin AS, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi. Mai AS yana iya wasa da atisaye, sai dai ya sha ruwa, ya huta idan jiki ya nema, kada a tilasta masa. Mai sikila, da mai ciwon zuciya, da wanda ya taɓa suma a fili, sai sun ga likita kafin su fara.

Ɗaga nauyi yana kawo gwaiwa?

Ga yara da samari, yawanci ƙofar tana nan tun haihuwa a matsematsi, yunƙuri ne kawai ke turo hanji ta cikinta. Wanda ya ga kumburi a wurin mai fitowa idan ya yi tari, ya ajiye ƙarfe ya je a duba shi. Fitar da numfashi lokacin ɗagawa yana rage matsin da ke kan ciki.

Idan na daina, tsokar za ta koma kitse?

Tsoka da kitse halitta biyu ne, ɗaya ba ya rikiɗa ya zama ɗaya. Tsokar ce ke raguwa, cin abincin kuma bai ragu ba, sai teɓa ta samu wuri. Ƙarfin da yaro ya tara yakan fara zubewa cikin 'yan makonni da dainawa, amma atisaye sau ɗaya ko biyu a mako yana riƙe mafi yawansa, kuma wanda ya taɓa ginawa ya fi sabon shiga saurin dawowa.

Da azumi a ajiye ne gaba ɗaya?

Ba sai an ajiye ba, a sauya lokaci da yawa dai. Mafi dacewa shi ne bayan buɗe-baki da awa ɗaya zuwa biyu, ko bayan asham, lokacin da ruwa da abinci suka shiga jiki. Wanda ya fi son kafin magariba ya yi mai sauƙi a inuwa, minti 20 zuwa 30, kada ya yi da tsakar rana. A rage yawan zagaye, a bar nauyin yadda yake, kada a nemi ƙari a wannan watan. A sahur a samu ƙwai ko wake ko nono, ruwa kuma a riƙa kurɓarsa daga magariba har zuwa sahur, ba a ɗura shi a tashi ɗaya ba.